Tabo da Tsatsa: Darasi Daga Tsohuwar Motar Wasa a Zongon Lome

Karatun yau: Yohanna 20:24-29, Matiyu 23:25-28, Ezekiyel 13:10-15

Yau za mu yi tunani a kan wata tambaya da wani dattijo mai bi ya aiko mana daga Zongon Lome, a ƙasar Togo. Da farko za ka ga kamar maganar yara ce. Amma ka yi haƙuri ka bi mu har ƙarshe, gama tambayar ta taɓa zuciyar kowane mai bi.

Bayan rasuwar mahaifinsa, dattijon ya buɗe akwatin ƙarfen da marigayin ya bari. A ƙarƙashin tsofaffin riguna sai ya tarar da wata 'yar motar wasa ta gwangwani, ja, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, irin wadda ake murɗa mata makulli a gefe ta yi gudu da kanta. Mahaifinsa ne ya saya masa ita tun yana yaro, lokacin suna zaune a tsohon Zongo. Yanzu fentinta ya koɗe, rufinta ya lotsa, tsatsa kuma ta fara cin ƙasanta. Yana so ya ba jikansa ita ranar Kirsimati. 'Yarsa ta ce, “Baba, a kai wa mai fenti ya sabunta ta tukuna, kada yaron ya ce tarkace aka ba shi.” Maƙwabcinsa kuwa, wani Alhaji mai sana'ar sayar wa Turawa tsofaffin kaya, ya juya ta a hannu ya ce, “Malam, in dai za ka ji shawarata, kada ka bar buroshi ya taɓa ta. Ranar da ka shafa mata fenti, ranar ka kashe darajarta.” Dattijon ya rasa ta wa zai bi. Shi ne ya tambaye mu: a gaban Allah, wanne ya fi, a sabunta tsohon abu ko a bar shi yadda yake?

Kafin mu buɗe Maganar Allah, bari mu san motar tukuna. Ana yin irin waɗannan kayan wasa da siririn ƙarfe wanda aka lulluɓe da kuza, irin kuzar da aka daɗe ana haƙowa a Jos ana kaiwa Turai. Jamus ce ta yi fice wajen ƙera su: kamfanin Lehmann ya fara aiki a 1881, na Schuco kuma a birnin Nurembag a 1912. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai Japan ta cika kasuwannin duniya da nata. Yawancinsu ba da buroshi aka yi musu launi ba. Inji ne ke buga zanen a jikin ƙarfen tun yana shimfiɗe, da tagogi da fitilu da fuskar direba, sa'an nan a yanka, a lanƙwasa, a haɗa. Saboda haka babu mai fentin da zai iya mayar da wannan zane yadda yake. Abin da zai iya kawai shi ne ya binne aikin maƙerin a ƙarƙashin nasa. Shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya suka fi son koɗaɗɗiyar mota mai launinta na asali a kan mai ƙyalli wadda aka sake wa fenti. Ta wannan gefe, Alhaji ya faɗi gaskiya.

Amma 'yar dattijon ma ba ta yi ƙarya ba. Kuza ita ce rigar ƙarfen. Duk inda ta kankare, danshi yakan sami hanya, ƙarfen da ke ƙarƙashi kuma ya fara ruɓewa da sauri. Wanda ya zauna a Lome ya san aikin iskar teku: gishiri da laima suna cin kwanon rufi, da ƙofa, da kwaɗo. In aka mayar da motar nan cikin akwati aka ce ana adana tarihi, bayan 'yan shekaru jan gari za a tarar.

Ka ga ke nan, lahani iri biyu ne a jikin motar, ko da yake ido yakan haɗa su wuri ɗaya. Akwai tabo, akwai tsatsa. Tabo abu ne da ya riga ya faru ya ƙare. Ba ya ƙaruwa, ba ya cin kome, labari kawai yake bayarwa. Tsatsa kuwa tana kan aiki, dare da rana, ko ana ganinta ko ba a gani. Mai fenti yana so ya rufe su duka biyu. Mai ajiya yana so ya bar su duka biyu. Mai hikima yakan raba su: ya cire tsatsar, ya bar tabon.

Birnin Lome kansa yana koya mana wannan. In ka je bakin teku za ka ga ragowar tsohuwar gadar da jiragen ruwa ke sauke kaya, wadda aka daina aiki da ita bayan an buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a 1968. An bar ta yadda take, tsatsa da igiyar ruwa kuma suna ta cinye ta. Ba nisa da nan akwai gidan gwamna wanda Jamusawa suka gina tsakanin 1898 da 1905. Shi ma an yi watsi da shi shekaru masu yawa har ciyawa ta rufe shi, amma aka gyara shi a kan siffarsa ta asali, aka buɗe shi ga jama'a a 2019. Dukansu tsofaffi ne. Ɗaya an bar shi, ɗaya an kula da shi. Bari dabam, kulawa dabam.

Dattijon ya gaya mana yadda rufin motar ya lotsa. Hausawa fatake sun zauna a Lome tun zamanin Jamus, wadda ta mai da garin hedkwatar Togo a 1897. Zongonsu yana tsakiyar gari har shekarar 1977, sa'ad da hukuma ta rushe unguwar, aka mai da mutanenta wajen gari ta arewa, tafiyar kamar kilomita 15, a yankin Agoe. A filin da gidajensu suke a dā aka gina manyan bankuna. A ranar da iyalinsa suke loda kaya a mota cikin gaggawa, turmi ya faɗo a kan akwatin da motar ke ciki. Lotsawar nan ita ce kaɗai abin da ya rage a hannunsa wanda ya ga wannan rana. In fanel bita ya miƙe ta, mai fenti ya rufe, jikan zai sami mota mai kyau, amma ba zai taɓa tambaya, “Kaka, me ya sami rufin nan?” ba. In kuwa bai tambaya ba, ba zai ji yadda Allah ya riƙe gidansu sa'ad da aka rushe musu ɗaki ba.

Yanzu bari mu juya ga kanmu, gama motar nan hoton mu ce.

Hanya ta fari ita ce hanyar fenti. Littafi Mai Tsarki ya san ta sarai. A Ezekiyel 13, Allah ya yi fushi da annabawan ƙarya, ya kwatanta su da masu shafa farar ƙasa a jikin bangon da ba a gina da kyau ba. Bangon yana da kyan gani har ranar da ruwan sama da iska suka zo, sai ya faɗi da shi da masu shafen. A Matiyu 23, Yesu ya kwatanta malaman Attaura da Farisiyawa da kaburbura waɗanda aka shafa wa farar ƙasa, da kuma ƙwarya wadda aka wanke bayanta aka bar cikinta da dauɗa. Ka lura, bai yi wa masu karɓar haraji da karuwai magana mai zafi irin wannan ba. Tsatsarsu a fili take, ana iya yi mata magani. Tsatsar da aka rufe da fenti ita ce ba ta da mai taimako, domin ba wanda ya san tana nan.

'Yan'uwanmu da ke zuwa Lome da Kwatano sayen motocin hannu suna da wata dabara. Sukan ɗauki mayen ƙarfe su bi jikin mota da shi. Inda ƙarfen gaske yake, sai ya manne. Inda aka cike rami da foti aka fesa fenti, sai ya ƙi kamawa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, Ruhu Mai Tsarki ma yana bin jikin ranmu haka. Muna iya sa farar riga ranar Lahadi, mu raira waƙa a ƙungiyar mawaƙa, mu ba da zakka, mu yi dogon jawabi a taron Zumuntar Mata ko na dattawa, alhali a ƙarƙashi akwai bashin da muka ƙi biya, da gabar da muke yi da ɗan'uwa shekara biyar, da mudun da muka lotsa wa gindi, da wata hulɗa da muke ɓoye wa abokin aure. Waɗannan ba tabo ba ne, tsatsa ce, tana kan ci. Sarki Dawuda ya gwada fenti bayan zunubinsa da matar Uriya. Ya rufe laifi da laifi har annabi Natan ya zo masa. A Zabura 32 ya ba da labarin yadda jikinsa ya yi ta lalacewa muddin yana shiru, da yadda sauƙi ya zo sa'ad da ya furta. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hanya ta biyu ita ce hanyar bari. Wannan ta fi wuyar ganewa, domin tana kama da gaskiya. Za ka ji mutum ya ce, “Ni haka Allah ya yi ni. Zafin rai gadonmu ne. Ni ba munafuki ba ne, abin da ke cikina shi nake faɗa.” Ya ɗauki tsatsarsa ya sa mata suna asali. Amma zane na asali wanda Maƙerinmu ya buga a jikinmu shi ne kamanninsa, kamar yadda Farawa sura ta fari ta koya mana. Zafin rai da rowa da ƙiyayya daga baya suka zo, su ne suke cin zanen. Wanda ya ce yana adana halinsa ta wurin ƙin tuba, yana kama da gadar bakin teku, wadda ake cewa tarihi ce alhali kowace shekara tana raguwa.

Ajiya tana da wani hatsari kuma. Macijin tagulla wanda Musa ya yi a jeji bisa ga umarnin Allah abin tunawa ne mai kyau. Isra'ilawa suka adana shi ɗaruruwan shekaru har suka fara ƙona masa turare, sai Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kamar yadda yake a 2 Sarakuna 18:4. Abin tunawa yana iya zama gunki. Akwai masu riƙe da tsohon ciwo haka: kullum suna fito da shi, suna goge shi, suna nuna wa mutane, ba sa so ya warke domin ya zama musu dukiya. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kuma Yesu ya gargaɗe mu a Matiyu 6 cewa duk dukiyar da aka tara a duniya tana ƙarƙashin ikon asu da tsatsa da ɓarayi. Motar nan, kome kulawar da aka yi mata, wata rana za ta ƙare.

Akwai kuma wata ƙarya ta uku wadda masu sana'ar tsofaffin kaya suka sani. Da yake masu saye suna son tsufa, waɗansu sukan ɗauki sabon sassaƙe su turara shi da hayaƙi, ko su binne shi a ƙasa, don ya yi kamar ya shekara ɗari. Wannan ma fenti ne, sai dai fentin tsufa. A cikin ikkilisiya ma muna da shi. Mutum ya tashi ba da shaida, ya ga labarinsa ba shi da ban tsoro, sai ya ƙara masa gishiri: ya ce ya yi tsafin da bai yi ba, ya sha wahalar da bai sha ba. Tabon ƙarya da fentin ƙarya uwarsu ɗaya. Allah ba ya bukatar ƙaryarmu don ya sami ɗaukaka.

To, wace hanya Allah yake bi? Ka duba karatunmu na Yohanna 20. Yesu ya tashi daga matattu da jiki mai ɗaukaka, wanda ƙofa a kulle ba ta hana shi shiga. Mai ikon da ya ta da wannan jiki ba zai kasa shafe gurbin ƙusoshi ba. Duk da haka ya bar su. Toma ya ce ba zai gaskata ba sai ya gani ya taɓa, bayan kwana takwas kuwa Ubangiji ya zo ya nuna masa hannuwansa da kwiɓinsa. Da tabon aka gane shi. Mutuwa da ruɓa ba su da sauran iko a kansa, tsatsar ta tafi har abada, amma alamar abin da ya sha dominmu ta zauna.

Haka yake yi da bayinsa. Yakubu ya fito daga kokawar Feniyel da sabon suna, ya kuma fito yana ɗingishi. Manzo Bulus bai taɓa ɓoye cewa shi mai tsananta wa ikkilisiya ne a dā ba, ya faɗa a gaban taro da gaban sarki, ya kuma rubuta wa Timoti. Matiyu ya fara Bishararsa da jerin kakannin Yesu, bai kuwa share sunan Tamar da Rahab ba, bai ɓoye batun matar Uriya ba. Da mutum ne mai son kare sunan gidansu ya shirya wannan jeri, da ya kai shi wurin mai fenti.

Wataƙila za ka ce, “Ashe, ba a rubuta a 2 Korantiyawa 5:17 cewa wanda ke cikin Almasihu sabon halitta ne ba? Me ya kawo maganar tabo kuma?” Tambaya ce mai kyau. Amma ka tuna da abin da muka faɗa game da zanen motar: mai fenti ba ya iya mayar da shi, sai wanda ya buga shi tun farko. Sabuntawar da Allah ke yi daga ciki take farawa, sabuwar zuciya da sabon ruhu, kamar yadda ya alkawarta a Ezekiyel 36. Laifin zunubi yakan shafe shi sarai ta wurin jinin Almasihu, ba ya kuma tuhumarmu da shi. Amma ba ya mai da mu mutanen da ba su da jiya. Zakka ya zama sabon mutum a rana ɗaya, duk da haka mutanen Yariko sun san ko shi wane ne, shi ma bai yi musu ba. Ya tsaya ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wannan shi ne kankare tsatsa. Yana da zafi, yana cin kuɗi, yana ƙasƙantar da mutum, amma bayansa ƙarfen yakan huta.

Masanan gyaran tsofaffin gine-gine sun kai ga irin wannan fahimta. A taron da suka yi a birnin Benis na ƙasar Italiya a 1964, suka amince cewa in za a cike wani gurbi a tsohon gini, dole sabon ya dace da tsohon, amma a iya bambanta su, don kada gyara ya zama ƙarya. In masu aikin dutse da katako suna tsoron ƙarya haka, balle mu da muke bin wanda shi ne gaskiya?

Ga amsar da muka ba dattijon. Baba, motar taka ce. In ka sake mata fenti ba ka yi zunubi ba, muddin ba ka sayar wa wani ita a kan cewa launin asali ne ba, gama Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Allah yake ƙyamar ma'aunin zamba. Amma shawararmu ita ce, kada ka fenta, kada kuma ka mayar da ita akwati haka. Ka share ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi, kada ka wanke ta da ruwa. Inda tsatsa take, ka bi ta a hankali da ɗan auduga da ɗigon man keken ɗinki, ban da samfefa, don tana kwashe zanen. Ka goge man, ka shafa kaki kaɗan don ya tsare ta daga iskar teku, ka ajiye ta a busasshen wuri inda rana ba ta bugu. Lotsawar rufin kuwa ka bar ta. Ka kuma sani cewa fentin kayan wasa na dā sau da yawa yana da dalma, wadda take dafi ce ga yara, bakin ƙarfen kuma yana yanka. Kada ka bar wa ƙaramin yaro ita ya sa a baki. Ka zaunar da jikanka a cinya, ka murɗa makullin, ka ba shi labarin 1977 da amincin Allah. In wasa yake so, ku nemi gwangwanin madara da tsohon silifa ku ƙera tasa tare, yadda yaran Zongo suka saba.

Kai kuma mai karatu, ka ɗauki lokaci yau ka tambayi kanka abu biyu. Wace tsatsa nake rufewa da fenti, wadda ya kamata in furta a gaban Allah, in kuma je in gyara da wanda na cuta? Wane tabo nake jin kunyarsa ina ɓoyewa, alhali Allah ya riga ya warkar da shi, yana kuma so ya zama ta'aziyya ga wani? Wataƙila akwai matashi a ikkilisiyarku wanda yake tsammani dattawa ba su taɓa faɗuwa ba, shi ya sa ya fid da zuciya ga kansa. Ba lalle ka tona kome a gaban taro ba, hikima tana da wurinta. Amma kalma ɗaya ta gaskiya daga bakinka, a keɓe, tana iya ɗaga shi.

In kuwa har yanzu ba ka ba da ranka ga Yesu ba, kada ka ce sai ka gyara kanka tukuna. Ka zo yadda kake, da lotsawarka da tsatsarka. Wanda ya yi ka ya san zanen da ke ƙarƙashi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba na sama, kai ne ka yi mu cikin kamanninka. Mun furta cewa sau da yawa mun rufe zunubanmu don mutane su yabe mu, sau da yawa kuma mun ƙi tuba muna cewa halinmu ne. Ka gafarta mana. Ka bincike mu da Ruhunka, ka nuna mana abin da ke cinmu a ɓoye, ka ba mu ƙarfin zuciya mu furta mu kuma gyara. Raunukan da ka riga ka warkar, ka mai da su shaidar alherinka ga 'ya'yanmu da jikokinmu. Ka sa wa 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu na Zongon Lome albarka, ka ba su zaman lafiya da juna. Mun roƙa a cikin sunan Yesu Almasihu, wanda aka soke dominmu. Amin.